Gwajin lafiyar shiga soja: yadda likita ke auna jikinka, da yadda za ka shirya tun kafin ranar

Ɗan yayata ya dawo daga wurin tantance masu neman shiga soja da jakarsa a kafaɗa, ya zauna a bakin zaure bai ce wa kowa uffan ba. Sai bayan magariba ya same ni ya ce, "Kawu, gudu na ci, tsawo na ci, takardu ba matsala. A wurin likita aka ce in koma gefe." Yaron da duk unguwa ba mai kama shi a filin ƙwallo. Washegari na kai shi aka yi masa awon fitsari, sai ga jini a ciki. Tsargiya ce, ta wankan dam tun yana ƙarami, kuma shi a saninsa duk yaro namiji yakan ga jan fitsari, don haka bai taɓa ɗaukar abin a matsayin ciwo ba. Kuɗin maganin bai kai kuɗin motar da ya kashe zuwa wurin tantancewar ba, amma shekara guda ta tafi.

Tun daga ranar nake jin takaicin yadda matasanmu ke shirya wa gudu da tsalle wata da watanni, su manta da ɗakin likita, alhali can ne ake zubar da mutane da yawa.

Fara da gane abin da likitan soja ke nema

Likitan asibiti yana tambaya ne, me ke damunka? Likitan soja tambayarsa daban: wannan jikin zai iya ɗaukar wane aiki, a wane wuri, na tsawon wane lokaci, idan babu asibiti kusa? Shi ya sa mutum zai iya zama lafiyayye garau a gida amma bai dace da bakin daga ba, kuma wanda bai dace da bakin daga ba yana iya dacewa da wani aikin a cikin rundunar.

Sojojin duniya sun daɗe da mayar da wannan tambaya lissafi. Rundunar Kanada ce ta ɓullo da tsarin a 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, sojan Ingila suka ɗauke shi a 1948, suna kiransa PULHHEEMS. Kowane harafi ɓangare ne na mutum. P ƙarfin jiki gaba ɗaya, wato zuciya, huhu, ciki da juriya. U hannaye da kafaɗu. L ƙafafu da tafiya. H biyu kunnen dama da na hagu, E biyu idon dama da na hagu. M kaifin fahimta, S kuma natsuwar zuciya da jure firgici. A gaban kowane harafi likita yana sa lamba. A tsarin Ingila P2 na nufin mutum ya isa aika ko'ina, P7 yana aiki amma da iyaka mai yawa, P8 kuwa an sallame shi saboda lafiya.

Amurka ta gajarta shi zuwa haruffa shida, PULHES, da lambobi daga 1 zuwa 4. Wanda ya samu 111111 ba shi da tangarɗa ko ɗaya. Kowane aiki yana da lambobin da yake buƙata: sojan ƙafa sai mai 111221, ma'ana an yi ɗan sassauci a kunne da ido amma ba a yi a ƙafa da ƙirji da natsuwa ba, yayin da ayyukan ofis ke karɓar mai 2, wani lokaci har 3. Indiya tana da nata mai suna SHAPE. Sunaye sun bambanta, amma duk inda ka je, ciki har da nan gida inda sojanmu suka gaji al'adu da yawa daga na Ingila, sassan jikin da ake bi ɗaya bayan ɗaya su ne waɗannan. Idan ka riƙe su, ka san abin da ke jiranka.

Abu ɗaya kawai ka lura da shi. Sassaucin ya fi yawa ga wanda ya riga ya shiga. Mai neman shiga kuwa ma'auninsa a sama yake, domin kowane kurtu, ko direba zai zama ko kuku ko akawu, sai ya bi ta horon farko na kusan wata shida, irin wanda ake yi a Defot na Zariya. Horon ba ya tambayar sana'arka.

Karanta sanarwar da kanka, ka auna kanka

Kada ka dogara da abin da aka ce an ce. Sanarwar ɗaukar kuratan sojan ƙasa a shekarun nan takan nemi tsawon mita 1.68 ga maza da ƙasa da haka kaɗan ga mata, shekaru 18 zuwa 22 ga marasa sana'a, har zuwa 26 ga masu sana'a. Sojan ruwa da na sama suna da nasu ma'aunin, haka ma makarantar horar da hafsoshi ta NDA da ke Kaduna. Duba ta shekarar da za ka nema. Cike fom kyauta ne, duk wanda ya ce ka kawo kuɗi zai "gyara maka medikal" cutarka zai yi.

Ka cire takalmi da hula, ka jingina da bango, wani ya auna ka. Sannan ka hau sikeli. Ana raba nauyi da tsawo sau tsawo: mai tsawon 1.70 da nauyin kilo 65 zai samu 22.5, yana cikin daidai, tunda daidai yana tsakanin 18.5 da 25. Mai wannan tsawon da kilo 50 kuwa 17.3 zai samu, ya yi rama. A wurinmu rama ta fi ƙiba kayar da yara. Maganinta wake, gyaɗa, ƙwai, nono da tuwo a kan lokaci na watanni. Ka nisanci ƙwayoyin sa ƙiba da ake sayarwa a kasuwa, da yawansu suna kumbura fuska ne kawai, su tayar da hawan jini da suga, abubuwa biyun da za a auna.

Ka je asibiti wata shida kafin lokaci

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne, kuma shi aka fi tsallakewa. Je babban asibitin gwamnati, ka gaya wa likita gaskiyar abin da ya kawo ka: kana son shiga soja, kana son a duba ka kamar yadda za a duba ka can. Ka nemi awon fitsari, awon jini na ciwon hanta da ƙanjamau da jinsin jini, awon hawan jini, hoton ƙirji, da gwajin ido da kunne.

Fitsari yana tona abubuwa uku: suga, alamar ciwon ƙoda, da jini. Idan ka taso a gefen kogi ko dam ko fadamar shinkafa, ka ɗauka kana iya samun tsargiya ko da ba ka ganin ja da idonka, domin na'ura tana ganin abin da ido ba ya gani. Maganinta praziquantel, ana bayarwa daidai da nauyin mutum, a yini ɗaya. Bayan wasu makonni ka sake awo ka tabbatar ya wanke, kuma ka daina shiga ruwan.

Ciwon hanta nau'in B shi ne wanda ya fi karya zukata, domin mai shi sau da yawa ba ya jin komai. Ana ɗaukarsa daga uwa lokacin haihuwa, ko ta askar wanzami da allurar da ba a tsaftace ba, ko ta saduwa. Idan awo ya nuna ba ka da shi, yi rigakafi nan take: allura uku ce, ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku bayan wata shida. Idan ya nuna kana da shi, kada ka ruɗe, kuma kada ka bi masu lasifika a tasha da ke cewa jarka ɗaya za ta wanke shi. Wasu jiƙe-jiƙen su ne ke ƙarasa hantar. Babban da ya kamu da shi sabo yakan warke da kansa cikin wata shida, don haka a sake awo bayan wannan lokacin. In har yana nan, ka riƙe likitan hanta. Ranka ya fi kaki.

Jinsin jini kuma ba abin da ke canza shi. Mai SS ko SC, wato mai sikila, ba ya shiga, kuma wannan tausayi ne gare shi. Mai AS, wanda kusan mutum ɗaya cikin huɗu ne a Nijeriya, ba mara lafiya ba ne, sojan Amurka ma suna ɗaukarsa. Sai dai hukuncinsa yana bambanta daga runduna zuwa runduna, musamman a ayyuka irin su tuƙin jirgin sama da nutso a ruwa. Abin da ya wajaba mai AS ya sani shi ne gudu mai tsanani cikin zafin rana ba tare da isasshen ruwa ba yana iya kayar da shi faɗuwa mai haɗari. Ya saba wa jikinsa da horo a hankali, ya sha ruwa sosai, kada ya yi gudun gwaji yana cikin zazzaɓi.

Hawan jini kuwa, daga 140 bisa 90 zuwa sama likita zai ɗaga gira. Matashi da yawa jininsa lafiya lau, tsoro ne da goro da lemon ƙara kuzari ke ɗaga shi ranar. Ka riƙa zuwa ana auna ka lokaci zuwa lokaci har hannunka ya saba da abin awon. Idan kullum a sama yake, to ciwo ne, a nemi dalilinsa. Kada ka ari ƙwayar hawan jinin babanka ka sha da safen gwaji. Na san wanda ya yi haka, jiri ya ɗebe shi a layi tun kafin a kira sunansa.

Hoton ƙirji tarin fuka ake nema da girman zuciya. Tarin da ya wuce mako biyu, da zufar dare da rama, a je a gwada majina. Maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati, wata shida ake sha ba fashi.

Ido da kunne, su ke raba ayyuka

Nan ne rabon aiki ya fi fitowa fili. Za a tsayar da kai mita shida daga allon haruffa, a rufe ido ɗaya. Sakamakon 6/6 shi ne cikakken gani. Idan aka rubuta 6/12, abin da mai lafiyar ido ke karantawa daga mita 12 kai sai ka matso mita 6. Wasu ayyukan suna karɓar wanda tabarau ke gyara masa gani, wasu kuwa, kamar tuƙin jirgin yaƙi, ma'auninsu ya fi tsauri nesa ba kusa ba. Haddace allon wauta ce: alluna sun bambanta, kuma wanda ya saci hanya da ido mara kyau shi za a ba bindiga ya tsaya gadi da dare, rayukan abokansa a hannunsa. In kana fama da dundumi, wato ba ka gani da zarar rana ta faɗi, faɗa wa likita tun a gida.

Sai littafin ɗige-ɗige masu launi, wanda wani likitan Japan mai suna Ishihara ya ƙirƙiro a 1917. A yawancin shafukan akwai lamba a ɓoye cikin ɗigon ja da kore. Wanda ba ya bambance launukan nan ba zai ga lambar ba, kuma yawanci bai taɓa sanin yana da matsalar ba sai ranar. Gado ne, ta wajen uwa yake biyowa, ya fi kama maza, ba shi da magani. Dalilin tsanantawa a kansa a fili yake: jirgin ruwa da dare fitilar hagunsa ja ce, ta damansa kore, da su ake gane inda ya dosa. Mai haɗa wayoyin sigina, wato na sadarwar soja, ko na lantarki, da mai kwance nakiya, da launi suke aiki. Idan ka gano kana da shi tun da wuri, ka san inda ba za ka ɓata shekarunka ba.

Kunne ana gwada shi da na'urar da ke sako ƙara siririya, kana danna maɓalli idan ka ji. Yaran da suka yi shekaru a gaban injin niƙa, ko janareta, ko suke kwana da abin jin kiɗa a kunne, su ne ke mamakin sakamakonsu. Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa, sai dai ka tsare wanda ya rage. Kunnen da ke zubar da ruwa tun yarinta alama ce ta hujewar dodon kunne, a kai wa likitan kunne. Dattin kunne kaɗai ma yana rage ji, amma a asibiti za a wanke shi. Ka ajiye tsinken ashana da gashin kaza.

Ranar da za a ce ka tuɓe

Za a ce ka cire kaya, kuma ba wulaƙanci ba ne. Likita zai sa ka tsuguna ka miƙe, ka yi tafiya a kan yatsu da dunduniya, ka ɗaga hannaye sama, ka dunƙule yatsu ka buɗe. Yana duba tafin ƙafa ko a baje yake, gwiwoyi ko suna gogar juna ko sun buɗe da yawa, kashin baya ko ya karkace, da yatsan da zai ja kunamar bindiga. Zai sa ka yi tari yana taɓa matsematsinka, yana neman ƙaba da gwaiwa. Zai duba basir, da tabon tiyata, da zanen tatu, wanda sanarwar sojan ƙasa ke hanawa. Mata kuma ana yi musu awon ciki, domin mai juna biyu ba ta shiga horo.

Ƙaba da gwaiwa da basir duk tiyata na gyara su, amma jiki na buƙatar watanni kafin ya ɗauki jaka mai nauyi, shi ya sa na ce wata shida. Ka riƙe takardar asibitin da aka yi maka aikin. Tsohuwar karaya kuma, musamman wadda mai ɗori ya ɗaure a gida, a ɗauki hotonta. Masu ɗorinmu da yawa sun iya aikinsu, amma ƙashin da ya haɗe a karkace ba ya ciwo a tafiyar kasuwa, sai an ɗora masa kaya an ce ya taka kilomitoci cikin takalmin soja.

Daren gwaji ka yi barci. Ka sha ruwa daidai, ka bar goro da taba da shayi mai kauri. Kada ka yi motsa jiki mai tsanani kwana ɗaya ko biyu kafin awon fitsari, domin shi kaɗai yana iya sa a ga alamar jini. Ka tafi da tabaranka idan kana sawa, da duk takardun asibitinka a leda ɗaya.

Maganar ƙwaya ba sai na yi kwana-kwana ba. Tiramol, kodin, wiwi, duk fitsari yana nuna su, wiwi ma yakan yi makonni a jikin wanda ya saba sha. Shan ruwa da yawa ko tsamiya ba ya ɓoye su. Idan abin ya kama ka, daina shi ne shirin farko, kuma akwai asibitocin da ke taimakawa a kan haka ba tare da tozarci ba.

Tambayoyin da za a yi maka da baki

Ka taɓa faɗuwa ka sume? Kana da asma? Farfaɗiya? Gyambon ciki? Kana tafiya cikin barci? An taɓa kai ka asibitin ƙwaƙwalwa? A nan abokai za su ce maka, "Ka ce a'a kawai." Ina roƙonka, kada ka bi su. Asmar da ta kwanta shekara biyu ƙurar fareti da sanyin asuba na hunturu suna tashin ta. Mai farfaɗiya rashin barci ne babban abokin gabarsa, kuma kurtu ba ya ƙoshi da barci. Akwai wani yaro a garinmu da ya ɓoye asma, ya ajiye abin shaƙarsa a gida don kada a gani a jakarsa. Allah Ya yi da sauran kwanansa, amma a kwance aka dawo da shi, kuma mahaifiyarsa har yau ba ta son jin an ambaci maganar. Ban da haɗarin rai, wanda aka gano ya yi ƙarya a takardar shiga ana iya korarsa, ya rasa aikin da kuma mutuncinsa.

Bayan ka shiga, lambar ba ta tsaya wuri ɗaya

Soja ana sake duba shi lokaci zuwa lokaci, da kafin a tura shi wani aiki na musamman ko kwas. Matsayinsa na lafiya yana sauka yana hawa. Saukar iri biyu ce: ta wucin gadi, kamar wanda ya karye aka ba shi aiki mara nauyi na wasu watanni, da ta dindindin, wadda kwamitin likitoci ke zama a kanta, irin waɗanda ake samu a manyan asibitocin soja kamar na 44 da ke Kaduna da na 68 da ke Yaba a Legas. Kwamitin ne ke cewa a bar mutum a aikinsa da sharaɗi, ko a mayar da shi wani sashe, ko a sallame shi. Sojan igwa da kunnensa ya yi rauni yana iya komawa sito ko koyarwa, ya ci gaba da hidimarsa.

Don haka duk raunin da ka ji a bakin aiki, komai ƙanƙantarsa, ka je a rubuta shi a fayil ɗinka ranar da ya faru, ka riƙe kwafi. Ranar da za a yi lissafin haƙƙinka, takarda ce za ta nuna a wurin aiki ka samu ciwon, ba bakinka ba. Haka nan harafin S, na natsuwar zuciya. Wanda ya dawo daga daji yana firgita cikin barci, ƙarar rufe ƙofa na sa shi zabura, yana faɗa da iyalinsa ba dalili, rauni ne ya ji kamar na harsashi, kuma yana da magani. Zuwa wurin likita da wuri shi ya fi sa a mayar da mutum cikakken matsayinsa.

Idan aka ce ka koma gefe

Cikin ladabi ka tambayi jami'in lafiyar, "Ranka ya daɗe, a wane ɓangare ne?" Wani zai faɗa maka, wani layi ya yi masa yawa. In ba ka samu amsa ba, ka wuce asibiti cikin makon nan ka maimaita gwaje-gwajen gaba ɗaya, kamar yadda muka yi da ɗan yayata. Abin da aka gano zai faɗa ɗaya daga gida biyu. Ko mai gyaruwa ne, irin tsargiya, rama, ƙaba, dattin kunne, ruɓaɓɓen haƙori, sai ka gyara ka lissafa shekarunka ka ga ko za ka kai zagaye na gaba. Ko kuma wanda ba ya gyaruwa ne, irin sikila, rashin bambance launi, ko gajarta, sai ka juya tun da sauran ƙuruciya zuwa aikin da ma'auninsa ya dace da kai.

Ɗan yayata ya sha maganinsa, muka sake awo bayan wata biyu fitsarin ya fito fes, muka ƙara da allurar ciwon hanta tunda muna asibitin. Da aka sake buɗe ɗauka ya tafi da takardunsa a leda, yana da shekara 21. Yanzu yana sashen sigina, kuma duk ƙanensa uku an yi musu awon fitsari.